"Nebraska": Faifan da Aka Ɗauka a Ɗakin Kwana

A ranar 3 ga Janairun 1982, mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya zauna a ɗakin kwana na wani gidan haya da ke Colts Neck a jihar New Jersey, jita a cinya, makirfo biyu ƙirar Shure SM57 a gabansa. A gefe ga Mike Batlan, mai kula masa da jitoci, yana danna maɓallan wata ƙaramar na'urar naɗar sauti, Tascam Portastudio 144. Mafi yawan waƙoƙi goma da suka zama faifan "Nebraska" a wannan zaman aka ɗauke su. Babu makaɗa, babu injiniyan sauti, babu ma niyyar yin faifai. Gwaji ne kawai ya yi nufin ɗauka domin ya kai wa ƙungiyarsa ta E Street Band su koya, sannan a shiga situdiyo a yi aikin gaske. Kamfanin Columbia ya fitar da wannan gwajin yadda yake a ranar 30 ga Satumbar shekarar, kuma ya kai mataki na uku a jerin faifan da aka fi saye a Amurka da Birtaniya.

An sha yabon faifan saboda labaran da ke cikinsa, kuma yabon ya dace. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da sautin ya bi, daga bakin mawaƙi zuwa kunnen mai saurare: wace waya aka soka ina, me aka tura cikin me, a wane mataki aka zuba amsa-kuwwa. A ganina rabin ƙarfin "Nebraska" a can yake, kuma duk wanda ke ɗaukar sauti a ɗakinsa yana da abin koya a ciki.

Sai an san na'urar kafin a fahimci faifan. Kamfanin TEAC na Japan ne ya fito da Portastudio 144 a 1979, ƙarƙashin sunan Tascam. Kaset na yau da kullum take ci, irin wanda muka saba sakawa a rakoda. Zaren kaset faɗinsa bai kai milimita huɗu ba, kuma layuka huɗu ne a kwance a jikinsa: biyu na fuskar farko, biyu na fuskar da ake ji idan an juya. Dabarar Tascam ita ce ta yi amfani da layukan huɗu gaba ɗaya ta fuska guda, ta kuma ninka gudun zaren daga kimanin santimita 4.8 a daƙiƙa zuwa 9.5 domin sautin ya ƙara tsabta. Shi ya sa kaset mai minti sittin ke ƙarewa cikin minti goma sha biyar a cikinta, kuma babu zancen juyawa. Wanda ya ɗauki irin wannan kaset ya saka a rakodar gida zai ji layi biyu kacal, da wata ƙatuwar murya mai jan jiki, in kuwa ya juya shi sai ya ji sauran biyun suna tafiya da baya. A saman na'urar akwai ƙaramar mikisa mai tashoshi huɗu, kowace da maɓallin ƙara murya, da na gyaran kauri da kaifi, da na karkata sauti hagu ko dama.

Layi huɗu ba abin rainawa ba ne. Da na'ura mai layi huɗu Beatles suka yi "Sgt. Pepper" a 1967, sai dai su zarensu faɗinsa inci guda ne, ga ƙwararru zagaye da su a Abbey Road. Shi Springsteen layukansa kowanne bai kai milimita ɗaya ba. Makirfo ɗaya ya fuskanci baki, ɗaya ya fuskanci jita, layi biyu sun tafi ke nan tun a ɗaukar farko. Biyun da suka rage su ne duk dukiyarsa: ko ya ƙara murya ta biyu, ko mandolin, ko harmonika, ɗan abin busa nan na baki, ko glokenshifil, wato jerin ƙananan sandunan ƙarfe da ake bugawa su ba da amo kamar ƙararrawa. In ya zaɓi biyu, sauran sai haƙuri. Akwai dabarar tattara layi uku a zuba su cikin ɗaya don a samu fili, amma kowace zubawa tana ƙara hucin kaset, tana kuma dusashe kaifin sauti. Saboda haka duk abin da aka ji a faifan nan, an zaɓe shi ne a kan wani abin da aka bari. A "Used Cars", inda yaro ke kallon mahaifinsa yana cinikin tsohuwar mota yana jin kunyar talaucinsu, 'yan ƙararrawar nan ne ke shigowa can ƙasa-ƙasa, kuma su kaɗai sun isa su tuna maka cewa idon yaro ne ke ba da labarin. Da yana da layi ashirin da huɗu, ina shakkar zai tsaya a nan.

Ƙara sauti a kan wanda aka riga aka ɗauka yana da ƙa'idarsa. Dole mawaƙi ya ji abin da ya ɗauka da farko domin ya bi shi, amma ba ta sifika ba, don makirfo zai kwashe shi ya mayar cikin sabon layi. Sai dai ta hedifon. Irin waɗannan na'urori suna da hanya ta musamman domin wannan: wani haɗin sauti daban da ke zuwa kunnen mawaƙi kaɗai, wanda ba ya taɓa abin da ke hawa kan zare. A nan mutum zai iya ɗaga jita ya danne murya, ko ya yi akasin haka, gwargwadon abin da yake buƙatar ji. Masu koyon aiki sukan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, alhali shi ke juya yadda ake rera waƙa. Mawaƙin da bai jin kansa sosai a kunne sai ya riƙa ɗaga murya yana matse maƙogwaro. Wanda kuma muryarsa ta cika masa kunne sai ya ja baya, ya yi sanyi, wani lokacin har ya zame daga kan sautin. A "Atlantic City" ana jin amfanin mutum ya saurari kansa da kyau. Waƙar ta fara da kisan Philip Testa, wani jigon 'yan daba na Philadelphia da aka dasa wa bam a ƙofar gidansa a 1981, sannan ta bi wani matashi da bashi ya yi wa katutu har ya yarda zai yi wa miyagu aiki. Muryar farko tana ba da labarin a natse. Ta biyun, wadda shi ɗin ne dai ya ƙara daga baya, tana can nesa, tana shigowa a makare kaɗan, wani lokaci ta rikiɗe ta zama kuka mai tsawo. Ba ta daidaita da ta farko ƙwaf-da-ƙwaf, kuma wannan ɗan saɓanin ne ke sa ka ji kamar zuciyar mutumin ce ke amsa wa bakinsa. Wanda ya yi wannan ya san sarai inda muryarsa ta farko ta ja numfashi da inda ta saki.

Sai babbar magana, wato amsa-kuwwa. Hanya biyu ce ake bi a sa wa sauti eko. Ta farko ita ce a bi da sautin gaba ɗayansa ta cikin na'urar eko, ya shiga ta nan ya fita ta can. Ta biyu ita ce a ɗebi wani kaso daga kowace tasha a tura wa na'urar ta wata ƙofa ta gefe, abin da ta dawo da shi kuma a haɗa shi da asalin sautin, kamar yadda mai noman rani ke fasa 'yar hanya daga babbar magudana ya ba kowane fangali ruwa daidai buƙatarsa. Da wannan hanya ta biyu za ka iya ba murya eko mai yawa, ka ba jita kaɗan, ka hana wani abin kwata-kwata. Ƙa'idar da aka saba ita ce kason da ke zuwa na'urar eko a ɗebe shi bayan maɓallin ƙara murya, domin in an rage muryar ekonta ma ya ragu tare da ita. Shi kuwa kason da ke zuwa kunnen mawaƙi sai a ɗebe shi kafin maɓallin, domin duk abin da mai haɗa sauti ya taɓa kada ya rikita mai rera waƙa. Bayan wannan akwai tambayar lokaci: a naɗe ekon tare da muryar tun farko, ko a ɗauki muryar a bushe a jira ranar haɗawa? Ƙwararru da yawa sukan zuba wa mawaƙi ɗan eko a hedifon kawai don ya saki jiki, amma abin da ke hawa kan zare a bushe yake, saboda abin da aka naɗe da eko ba ya wankuwa.

Springsteen da Batlan sun haɗa layukansu huɗu ta cikin wata tsohuwar na'ura mai suna Echoplex. Ita ma da zare take aiki: wani ɗan zare ne ke zagayawa a cikinta, hed ɗaya ya naɗi sautin, wani hed ɗin ya maimaita shi bayan ɗan lokaci, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke ƙayyade jinkirin. In tazarar gajera ce sai a sami maimaici guda mai sauri, kamar an mari bango sautin ya dawo. Wannan shi ne amon da Sam Phillips ya shahara da shi a situdiyon Sun da ke Memphis, inda ya ɗauki Elvis Presley a 1954, kuma shi Springsteen yake nema. Daga Echoplex sautin ya wuce cikin wata rakoda ƙirar Panasonic, irin babbar nan ta ɗauka a kafaɗa, wadda ta taɓa faɗawa ruwa ta mutu sannan daga baya ta farfaɗo. A kan kaset ɗin da ke cikin wannan rakodar aka naɗe haɗin ƙarshe. Daga nan aikin gama ya gama: murya, jita, harmonika da eko sun narke sun zama abu guda, babu mai iya raba su.

A saurari "State Trooper" don a ji abin da wannan ya haifar. Wani mutum ne ke tuƙi cikin dare a babbar hanyar New Jersey, babu lasisi babu takardun mota, yana roƙo a ransa kada ɗan sanda ya tare shi, kuma kana ji ka san ba don kansa kaɗai yake roƙon ba, har don ran ɗan sandan. Jita tana buga abu ɗaya ba ƙaƙƙautawa a kan manyan tsirkiyoyi, ekon kuma yana biye da kowane bugu, har ka kasa tantance wanne ne hannu wanne ne na'ura. Muryar tana ƙasa, kusan raɗa. Can sai ya kwarara ihu. Ihun ya fi ƙarfin abin da zaren zai iya ɗauka, sai ya tsage, ekon ya cafe shi ya jefo shi baya a tsagen. Duk injiniyan da ya san aikinsa da ya sa na'urar da ke danne tsananin ƙara, ko ya ce a sake. Da an yi haka da an kashe waƙar. Springsteen ya sha faɗin tasirin da ƙungiyar Suicide ta New York ta yi masa, musamman waƙarsu "Frankie Teardrop", kuma a nan ne tasirin ya fi fitowa fili. Ban san wata waƙa da ke sa ni jin kaɗaicin mutum a cikin mota da tsakar dare kamar wannan ba.

"Johnny 99" ma da irin wannan kukan take buɗewa. Labarin wani ma'aikaci ne da ya rasa aiki bayan rufe masana'antar motoci ta Mahwah, wadda kamfanin Ford ya rufe da gaske a 1980. Ya bugu, ya harbe wani ma'aikacin dare, alƙali ya yanke masa shekara 99, shi kuma ya roƙi a kashe shi kawai. Kiɗan mai sauri ne, irin na rawa, ekon Sun yana ƙara masa tsalle, labarin kuwa baƙi ƙirin. A ƙarshen 1982 rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10.8 cikin ɗari, don haka waɗanda suka fara sayen faifan sun san masu irin wannan hali a unguwanninsu. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta kuma da bakin Charles Starkweather aka rera ta, matashin da ya kashe mutum goma sha ɗaya a jihohin Nebraska da Wyoming tsakanin ƙarshen 1957 da farkon 1958, yana yawo da budurwarsa Caril Ann Fugate. Fim ɗin "Badlands" na Terrence Malick, na 1973, shi ya jawo hankalin Springsteen ga labarin. Harmonika ce ke buɗe ta, siririya, ekon ya miƙar da ita kamar daga wani fili mara iyaka take tahowa, sannan murya ta shigo babu nadama babu fushi. Wannan sanyin muryar ya fi kowane ihu ban tsoro.

A watan Afrilun 1982 aka shiga situdiyon Power Station a New York da dukan makaɗa. Wasu waƙoƙin da ke kan kaset ɗin sun karɓi ganga da lantarki, cikinsu har da "Born in the U.S.A.", wadda ta jira har 1984. Sauran kuwa suka ƙi. Duk lokacin da aka ƙara musu kaya sai mutanen da ke cikin labaran su ɓace. Springsteen ya gwada sake rera su shi kaɗai a gaban makirfo masu tsada, nan ma abin bai yi ba. Aka koma kan asalin layukan huɗu don a sake haɗa su da kayan situdiyo, sai aka tarar an sami tsabta an rasa ruhi. A ƙarshe dai aka dawo kan kaset ɗin nan da ya yi makonni yana yawo a aljihunsa babu ko kwanso.

Mayar da shi faifan garmaho ya zama wani aikin daban. Ba a taɓa goge hed ɗin Portastudio ɗin ba, maɓallin gudun zare bai zauna daidai ba lokacin ɗauka, ita kuma rakodar Panasonic tana da nata karkacewar. Chuck Plotkin da Toby Scott, waɗanda suka saba aikin sauti da Springsteen, sun zaga wurin ƙwararrun masu yanka faifai, na'ura tana ƙin karɓa, har aka fara tunanin a fitar da shi a kaset kawai. Dennis King na situdiyon Atlantic ne ya samo mafita ta hanyar yanka shi da ƙaramar murya. Wannan ɓangaren tarihin yana da muhimmanci, domin masu son faifan sukan ba da labarinsa kamar kayan banza ne suka yi abin al'ajabi su kaɗai. Ba haka ba ne. Sai da ƙwararru suka yi makonni suna fama kafin abin da aka yi a ɗakin kwana ya iya isa kunnen jama'a.

Faifan yana da nasa rauni, kuma daga inda ƙarfinsa ya fito raunin ya fito. Da yake kusan komai ya sha eko iri ɗaya, waƙoƙin masu sanyi suna kama da juna fiye da kima. "Mansion on the Hill" da "My Father's House", wadda aka ɗauka daga baya a watan Mayu, dukansu kyawawa ne, amma in mutum ya saurari faifan a zama ɗaya, kunnensa kan gaji kafin ya kai ta biyun. A "Open All Night", inda ya ɗauki jitar lantarki yana zuba kalmomi da gudu irin na Chuck Berry, ekon yana taka ƙarshen kalmomi, har wanda Ingilishi ne harshensa sai ya kasa kunne sosai, balle mu. Da an rage kason da ke zuwa Echoplex daga tashar murya a wannan waƙar kaɗai, da ta fi fitowa, kuma ba abin da za a rasa. "Highway Patrolman" ce ta nuna abin da nake nufi. Labarin ɗan sanda Joe Roberts ne da ɗan'uwansa Franky mai jawo fitina, wanda ya bi shi da mota har kusa da iyakar Kanada sannan ya ja gefe ya bar shi ya tsere. Tafiyarta a hankali take, akwai fili tsakanin kalma da kalma, don haka ekon yana samun wurin sauka ba tare da ya hau kan kowa ba. A nan na'ura da labari suka fi jituwa, kuma ba mamaki da Sean Penn ya gina fim ɗinsa "The Indian Runner" na 1991 a kanta. A wurina ita ce zakaran faifan.

Akwai kuma wata illa da ba laifin faifan ba ce. Bayansa mawaƙa da yawa sun ɗauka cewa huci da dusashewa su ne gaskiya, suka riƙa ɓata sautinsu da gangan. Springsteen bai nemi huci ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da ke gabansa, ya zaɓi eko guda da ya san tarihinsa ya kuma san abin da yake so da shi, sannan da ya ga sakamakon ya fi na babban situdiyo sai ya yi ƙarfin halin tsayawa a kansa, a lokacin da kamfani da masoya ke jiran wani faifan irin "The River" na 1980. Bai sa hotonsa a bangon faifan ba. Hoton wata hanya ce a fili fetal, an ɗauka ta gilashin gaban mota, aikin David Michael Kennedy. Bai kuma yi rangadin tallata shi ba.

Yau ƙaramin situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos yana da layuka a kwamfuta fiye da yadda Power Station ke da su a 1982, kuma eko iri-iri kyauta ne. Sai dai tambayoyin da Batlan ya fuskanta da wayoyi a hannu su ne dai ke gaban mai riƙe da linzamin kwamfuta: me mawaƙi ke ji a kunnensa, daga ina aka ɗebi kason eko, wace murya ce ke buƙatarsa, wace ce za ta fi kyau a bushe. Sau da yawa nakan ji waƙar Hausa mai kyawun baiti da kyawun murya, amma an lulluɓe ta da eko tun daga farko har ƙarshe, kalmomi suna hawa kan juna, ga shi harshenmu ma'anarsa tana rataye a kan tsawon wasali da hawa da saukar murya. Abin yana ba ni takaici, domin gyaransa bai wuce murza maɓalli ɗaya ba.

A 2023 Warren Zanes ya fitar da littafi a kan yadda aka yi faifan, "Deliver Me from Nowhere", a 2025 kuma Scott Cooper ya mayar da shi fim. A shekarar ce aka saki wasu daga cikin ɗaukar da aka yi da makaɗa a Power Station, don haka mai son kwatantawa yanzu yana da dama. Ni dai hukuncina shi ne "Nebraska" na 1982, da hucinsa da tsagewarsa, yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ɗauka a kan kaset. Minti arba'in ne da 'yan kai. Mai aikin sauti ya nemi hedifon mai kyau ya saurare shi, ya fara da "Highway Patrolman", sannan "State Trooper", ya kasa kunne ga inda ekon ke shiga da inda yake mutuwa.